Kibiyar da Kawu Bai Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Doha wata ranar Talata bayan azahar. Ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba. Asibiti suka ce zuciya ce. Washegari muka rufe shi a ƙasar da ya yi wa aiki shekara da shekaru, ƙasar da bai taɓa yarda ya kira ta gida ba.

A gidan wani injiniya ɗan jiharmu aka yi zaman makoki, a unguwar Al Rayyan, domin ɗakin Kawu ba ya ɗaukar mutum biyar sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. An zo kuwa. Direbobi sun zo da makullan motocin iyayen gidansu a hannu suna duba agogo, masu gadi sun zo da kaki a jiki, wasu ko barci ba su yi ba. Wani tsoho ɗan Zangon Kumasi da ke dako a kasuwar Souq Waqif, wanda suka shekara suna musu da Kawu a kan waɗanda suka fi iya dafa shinkafa da wake, ya zauna a lungu yana share ido da hularsa, ya ƙi cin komai. Wani ya ce Kawu ne ya tarbe shi ranar da ya sauka bai san kowa ba. Wani ya ce Kawu ne ya hana shi dukan shugabansa a wurin aiki. Kalma ɗaya dai ta yi ta yawo a ɗakin daga baki zuwa baki, wai mutum ne mai amana.

Da safen, kafin a sallace shi, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Na ce na yafe tare da kowa, ko tunani ban yi ba. Me Kawu ya taɓa yi mini ban da alheri?

Da la'asar wani likita ɗan garinmu ya zo, ya zauna kusa da ni, ya dafa kafaɗata.

"Kai ne ɗan ƙanwarsa, ko? Allah ya jiƙansa. Ban ga mai haƙurinsa ba. Ka ga tun da korona ta kama shi kunnuwansa suka tafi, amma bai taɓa ƙorafi ba."

Na ce, "Kunnuwansa, Likita?"

"Ai ni na gwada shi. Magana in an ɗaga murya yana ji, yana kuma karanta leɓe. Amma ƙaramar ƙara, irin ta agogo ko ta karyewar tsinke, khalas, babu ita. Na ce a saka masa na'urar ji, ya ce in kafil, uban gidansa mai bizarsa, ya gan ta a kunnensa ranar zai sa shi a jirgi zuwa gida. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. To, yanzu ai ba abin da ya rage na rufewa."

Yabonsa yake yi, bawan Allah. Ya sha shayinsa, ya yi addu'a, ya tafi. Ni kuwa na zauna ina kallon hannuna na hagu, wanda yatsu uku ba sa miƙewa, na ji yafiyar da na yi da safe ta dawo ta tsaya mini a maƙogwaro. Har yau tana nan. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma in gaskiya za a faɗa, don in gani ko zan iya sake furta kalmar nan da sanina.

Mu zuri'ar maharba ne daga ƙasar Ningi. Kakana, mahaifin Kawu da Inna, shi ke yi wa rabin maharban yankinmu kibau. Kyauro yake yankowa a bakin fadama, ya shanya, ya gasa a kan garwashi yana miƙar da shi da hannu, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa. Kawu a gefensa ya tashi. Da daji ya ƙare, harbi ya zama labari, sai ya shiga gadi, gadin ya kai shi Legas, daga Legas wani kamfani ya kwaso su zuwa Doha.

Yadda ya koma sana'ar ubansa a ƙasar Larabawa, labari ne da yake jin daɗin bayarwa, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Kafil ɗinsa, wato mutumin da bizarsa ke hannunsa, yana da wani sansanin shaƙatawa a sahara can bayan Al Rayyan, da raƙuma da tantuna da filin harbi. Abin da ake harbawa a filin wani irin baka ne da aka ɗora a kan kotar bindiga. Ana ja masa tsirkiya har ta maƙale, a kwantar da gajeriyar kibiya a kwarmin da ke samansa, a sa a kafaɗa, a danna kunama. Mu muna ce masa bakan bindiga. Wata rana ɗan kafil ya yi ta harbi kibiya tana zillewa gefe, yana zagin bakan. Kawu da ke gadin ƙofa ya roƙi a ba shi kibiyar, ya ɗora tsininta a tafin hannu ya murza, ta yi rawa. Ya zaɓo wata ya miƙa, ta tafi tsakiyar allo. Daga ranar ya tuɓe kaki. A wata ruwayar tasa ma cewa yake yi da ido a rufe ya zaɓo ta.

Shi ya nemar mini biza. Na zo da niyyar gadi kamar kowa, ya ce jikan maharbi ba zai ƙare a buɗe wa motoci ƙofa ba muddin yana raye. Ya ja ni filin, ya koya mini, har na zama ni nake nuna wa baƙi yadda ake riƙe baka, in yi harbin farko su tafa, sannan in miƙa musu. Ni ne autan Inna, don haka Auta yake kirana, har Larabawan wurin suka ɗauka sunana ke nan.

Kawu mutum ne mai tsari har ya gundure ka. Kafin gari ya yi zafi ya gama shafa wa kowace tsirkiya kakin zuma. In ka ce masa ai baƙi sai yamma za su zo, sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yana raina fikafikan roba da ke gindin kibiyoyin zamani, domin kibiyarmu ta gida ba ta da gashi ko ɗaya kuma tana kashe gada. Kibiya mai kwalliya yake ce musu. Amma duk da rainin, ba wanda ya kai shi lura da su. Zafin Doha yana narkar da gam, fiffike ya ɗan ɗago, kibiya ta riƙa kaɗa wutsiya a iska. Shi zai gani tun kafin a harba.

Yana da kwalaben jan farce kala-kala a aljihu. A Souq Waqif yake sayensu, mai shagon kullum sai ya tambaye shi lafiyar amarya, shi kuma ya ce amaren nasa sun kai ɗari kuma duk sirara ne. Da jan farcen yake ɗiga wa kowace kibiya alamarta. In mai ɗigo biyu shuɗi ta kauce hagu a hannuna, ta kauce hagu a hannunsa, to laifinta ne, sai a duba ko tsininta ya saki, ko gindinta bai zauna daidai a kan tsirkiya ba. In kuwa kowace kibiya tana tafiya inda ta ga dama, sai ya kalle ni ya yi murmushi.

"Kafin ka zagi baka, tambayi kibiya. Kafin ka zagi kibiya, tambayi hannunka."

Sau ɗaya ya taɓa yi mini faɗa na gaske. Ina sabon zuwa na danna kunama babu kibiya a kai, don in ji ƙarar. Bakan ya girgiza kamar zai tsage. Ya fizge shi daga hannuna, ya ce ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka ta tafi da shi, in ba ta nan a jikin baka yake ƙarewa, kuma kibiyar da ta cika rashin nauyi ita ma kusan haka take yi. Ya yini bai yi mini magana ba. Da magariba ya turo mini rabin gasasshiyar kazarsa, ya ce in ci in yi nauyi.

Kibau iri biyu ake kawo mana, na alminiyam da na kabon. Na alminiyam bututun ƙarfe ne mara nauyi sosai, yana da araha, amma in ya bugi abu mai tauri sai ya lanƙwashe. Gane lanƙwasarsa ba wuya, a mirgina shi a kan gilashin tebur, in ya yi ɗingishi a ajiye. Na kabon baƙi ne, ya fi sauƙi, ya fi gudu, kuma ba ya lanƙwasa sam. Ko dai a miƙe yake ko a karye. Matsalarsa ita ce yakan tsage daga ciki, waje sumul, ido ba ya gani. In aka harba irin wannan, ba ya barin baka lafiya, a nan yake tarwatsewa, zaruruwansa su shiga hannun da ke tallafe da kota.

Kawu na kabon yake so, kuma yana kare shi kamar ɗan'uwa. Cewa yake yi alminiyam kibiyar malalata ce, yau ka miƙar gobe ta koma. Yana da dalilin wannan bugun ƙirji, domin ya iya sauraren kabon. Zai kama kibiya da hannu biyu, ya kai ta dab da kunnensa na dama, ya ɗan tanƙwara ta, ya juya, ya sake tanƙwarawa. Lafiyayya shiru take yi. Mai tsaga a ciki tana yin wata 'yar ƙara, ƙas, wadda ba ta kai ta karyewar tsinken tsintsiya ba. Lafiyayyu ya zuba a koren kwando, masu ƙara ya jefa a jan bokiti, da yamma ya yanke su da zarto don kada wani ya tsinta. In yana wannan aiki ba a tari kusa da shi. Har raƙuma yake harara.

Na sha roƙonsa ya bar ni in riƙa saurare tare da shi. Sai ya ce kunnen yaran zamani waƙa ta cika shi. Ya koya mini komai na filin nan ban da wannan. Shi ne sarautarsa, shi ya sa kafil bai sallame shi ba duk da shekarunsa sun wuce na yawancin ma'aikata.

Da korona ta zo aka rufe sansanin. Mu ƙananan ma'aikata aka kulle mu a masaukinmu na Sanaiya, unguwar masana'antu, ba shiga ba fita. Kawu yana wani ɗaki a wajen shingen, kullum sai ya kira ni ya tambayi abin da na ci, in na ce burodi da shayi ya ce Allah ya isa tsakaninsa da burodi. Sai kiran ya ɗauke. Aka ce an tafi da shi asibiti. Ya daɗe a can, har na fara shirya yadda zan faɗa wa Inna. Ya fito ya rame, wuyansa kamar na zakara, amma da dariyarsa. Ya ce mutuwa ta zo ta tanƙwara shi a kunnenta, ta ji shiru, ta mai da shi koren kwando.

Yanzu da na san abin da na sani, ina ta tuno abubuwa. Ya koma sa waya a lasifika, ya ce hannunsa ke gajiya. In ina magana yakan zuba wa bakina ido. Ya daina jin ƙararrawar agogonsa na asuba, ya ce maganin asibiti ne ya sa masa nauyin barci, in riƙa buga masa ƙofa. In mun zauna hira da mutane sai ya fi kowa surutu, ashe don kada a yi masa tambayar da ba zai ji ba. Na ga duk wannan, na ce tsufa ne. Da aka buɗe sansanin ya koma kujerarsa, ya ɗauki kibiya, ya kai kunne, ya tanƙwara, ya juya, fuskarsa a murtuke kamar da. Har yana cewa in yi shiru.

Lokacin gasar cin kofin duniya garin ya cika maƙil. Motoci suna ta sauke mana baƙi da rigunan ƙasashensu, masu fenti a fuska, masu ganguna, kowa yana so a ɗauke shi hoto da rawani da baka. Ana harbi tun hantsi har faɗuwar rana. Kibau suna bugun juna a allo, wasu suna faɗawa kan duwatsu, a kwaso a kai wa Kawu, ya saurara, a dawo da su. Mudir, wato manajan wurin, ba abin da ke bakinsa sai yalla, yalla, wato a yi sauri.

Ranar da abin ya faru, wasu baƙi ne tsaye a bayana da wayoyi a sama. Na zari kibiya, na kwantar, na yi saiti, na danna. Ban ji zafi da farko ba. Na ji wata ƙara kamar an fasa faranti, na ga rabin kibiyar ya yi sama, na duba na ga sauran rabin ya shiga ta tafin hannuna na hagu ya leƙo ta baya, baƙaƙen zaruruwa a baje kamar gashin masara. Wata mata ta yi ihu. Kawu ne ya fara isowa, ya cire rawaninsa ya ɗaure mini dantse, yana ta salati.

An yi mini aiki sau biyu. Sartsen kabon ba ya fita gaba ɗaya, har yanzu wani lokaci sai wani ɗan baƙin tsinke ya huda fata ya fito. Jijiyoyin yatsu uku sun tafi. Masu zuwa dubiya suna cewa in gode wa Allah da ba dama ba ce, ina cewa alhamdulillahi.

Mudir ya zo asibiti da Kawu don a rubuta yadda aka yi. Ya tambaye shi a gabana ko ya duba kibiyar. Kawu ya ce, da Larabcinsa na kasuwa, kibiyar da ya duba ba ta fashewa, shekara nawa yana aikin nan ba a taɓa yi ba, sai dai in daga jan bokiti aka ɗauka, domin ranar saboda cunkoso bokitin yana kusa da kwando. Mudir ya juyo gare ni.

"Daga ina ka ɗauka?"

Na buɗe baki zan ce daga kore. Amma maganin barci bai gama sakina ba, ga Kawu tsaye, mutumin da tun ina yaro ban taɓa jin ya yi ƙarya ba in ban da ta nishaɗi. Na ce ban tabbata ba. Aka rubuta sakaci. Bayan na warke aka sallame ni daga sansanin, Kawu ya yi ta zirga-zirga har ya samo mini gadin wani sito a Sanaiya, inda nake har yau ina buɗe wa motoci ƙofa da hannu ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faɗa bayan mudir ya fita. Ya zauna a bakin gado, ya riƙe hannuna mai lafiya, idonsa cike da hawaye.

"Kada ka sa abin a ranka, Auta. Gaggawa ce, kowa yana iya yi. Ni ban riƙe ka da komai ba."

Na yi kuka, na gode masa. Ya yafe mini laifin da shi ya yi, ni kuma na karɓa da hannu bibbiyu. Na shekara fiye da ɗaya ina kwana ina tashi da hoton jan bokitin nan, ina tambayar kaina yadda aka yi jikan maharbi ya kasa bambance ja da kore. Har kunyar Kawu nake ji, ina ganin na zubar masa da mutunci a gaban kafil.

Ba zan ɓoye jinyar da ya yi mini ba, domin ta faru. Ya ɗauke ni zuwa ɗakinsa, ya bar mini gado ya koma tabarma. Shi ke wanke mini kaya, shi ke yanke mini farce, shi ke zuba mini ruwan alwala. Ya koyi tuƙa tuwon semo don ni, tuwon da in ka jefi bango da shi sai bango ya ba da haƙuri. Kullum da safe ya zauna yana murza mini yatsun da man zaitun, ɗaya bayan ɗaya, yana karanta abin da ya sawwaƙa. Mutane suna cewa ko uba sai haka. A da in na tuna wannan sai zuciyata ta yi sanyi. Yanzu ban san inda zan ajiye shi ba. Ƙauna ce, na sani. Amma mutum yana iya murza yatsun da ya kashe kowace safiya, bakinsa a rufe, ya tashi ya tafi aiki?

Akwai wata rigima da ya yi bayan gasar wadda ta ba kowa mamaki. Kawu, sarkin kabon, ya tashi haiƙan sai an kwashe kabon daga filin an koma alminiyam. Mudir ya ce alminiyam yana lanƙwashewa, za a yi ta saye, baƙi kuma sun fi son mai gudu, kuma gaskiyarsa ne. Kawu ya ce ko a canza ko ya ajiye aiki. Har gaban kafil suka je, kafil ya gaji ya ce khalas, a ba tsoho abin da yake so. Aka kawo masa tebur mai gilashi, ya koma mirgina kibau yana kallo. Na tsokane shi na ce yau kuma kibiyar malalata ce ta yi rana? Ya ce, "Gani ya kori ji, Auta." Na yi dariya, na ɗauka tausayina ne ya sa ya tsani kabon.

Wannan rigimar ce ta hana ni yi masa uzuri. Da na so in ce wataƙila shi ma bai san kunnensa ya kai haka lalacewa ba. Amma ya sani. Ya san wace kibiya ce ta fashe, ya san daga kwandon da ta fito, har ya sa aikinsa cikin haɗari don kada a sake huda hannun wani. Ya kare hannun baƙin da bai san sunansu ba. Ni da nake kwana a ɗakinsa, kalma ɗaya ta gagare shi.

Kuma abin da ake bukata tun farko bai taka kara ya karya ba. Kunnuwana biyu suna nan kusa da shi kullum, lafiya lau. Da ya ja ni gefe ya ce, Auta, zo ka saurara mini, wallahi da na saurara masa har ranar da zai bar ƙasar nan, ba wanda zai ji. Na san yana da 'yan mata a gida da bai aurar ba, na san tsoron jirgi da ke cikin kowane ɗayanmu a nan. Amma bai ji tsoron in tona shi ba, ya san ba zan yi ba. Abin da ya kasa shi ne ya zauna a gaban ɗan ƙanwarsa ya ce abin nan da nake taƙama da shi ya tafi.

Ranar sadakar bakwai Inna ta kira ni daga gida. Ana jin hayaniyar mata da ƙarar tukwane a bayanta. Ta yi mini gaisuwa, na yi mata. Na yi niyyar in bar ta da ɗan'uwanta yadda ta san shi, domin ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Sai ta ce, da wata murya da ban saba ji ba, "Auta, ina so ka ce ka yafe wa Yaya. Ka faɗa in ji da kunnena."

Na ce, "Inna, me ya yi mini da zan yafe?"

Na ji ta tashi, hayaniyar ta yi nisa, ta rufe ƙofa.

"Ya faɗa mini. Tun kana asibiti ya kira ni yana kuka, ya ce shi ne, kunnensa ne. Ya ce in ya faɗi gaskiya korarsa za a yi, wataƙila har da ɗauri. Ni na ce ya yi shiru."

Na zauna a kan wani kwali a bakin siton. Wata babbar mota tana ta yi mini hon in buɗe ƙofa, ban tashi ba.

"Ke kika ce ya yi shiru."

"Kai yaro ne, za ka samu wani aikin. Shi fa? Da 'ya'yansa? Hannun ya riga ya tafi, Auta, tona shi ba zai dawo da shi ba. Naka naka ne."

"Inna, kin tuna abin da kika ce mini lokacin? Kin ce tun ina ƙarami ba ni da natsuwa."

Ta fashe da kuka. Ta ce ta faɗa ne don in yarda, in daina bincike. Ta ce ba dare ɗaya da ta yi barci mai daɗi tun lokacin. Ta ce in ba zan yafe mata ba ta ji, ita tana da rai, za ta iya jira, amma shi yana kwance, ba shi da bakin roƙo.

Na so in faɗa, Allah ya sani. Uwa ce take kuka. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya jiƙansa, Inna. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta."

"Amin. Amma ba shi na tambaye ka ba."

"Na sani."

Wannan addu'ar ina yi masa ita bayan kowace salla, kuma da zuciya ɗaya nake yi, domin rahama ta Allah ce, ba ni da ikon hana ta, ba na ma so a hana shi. Duk wanda ya karanta wannan ya taya ni roƙa masa, mutum ne da ya tarbi baƙi, ya ciyar da mayunwata, ya iya sana'ar ubansa. Ɗaya kalmar kuwa tawa ce, ita kaɗai suka bar mini ban da yatsu biyu, kuma sau ɗaya aka riga aka karɓe ta daga bakina ban san abin da nake bayarwa ba.

Inna ta ce za ta sake kira ranar Juma'a. Na ce to. Na tashi na buɗe wa motar ƙofa.